Darasin Juma'a: Gidan Tsofaffi, Amfaninsa da Illarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, darasinmu na wannan mako ya fito ne daga abin da ya faru a cikinmu. Da yawanku kun san dattijon nan da yake kwana a barandar masallaci ta gabas, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dakon huhunan goro a nan Agege, daga baya ya koma gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Makonni uku da suka wuce santsi ya kwashe shi a wurin alwala da asuba, ya karye a ƙugu. An kai shi asibiti, jama'a suka haɗa kuɗi aka yi masa aiki, Allah Ya saka wa kowa da alheri. To ranar da aka ce za a sallame shi sai muka tsaya cirko-cirko. Ina za a kai shi? Baranda ba wurin mai karaya ba ce. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗansa ɗaya da aka sani shekara da shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, garinsu kuma rabonsa da shi tun ba a haifi yawancinmu ba.

A nan ne wani daga cikin matasanmu ya ce a kai shi gidan tsofaffi. Kafin ya rufe baki an yi masa ca. Wani Alhaji ya ce wannan al'adar Turawa ce, Musulmi ba ya jefar da babba. Yaron ya ce to Alhaji, a gidan wa za a sa shi? Sai wuri ya yi tsit. Liman ya ce gani ya kori ji, kwamiti ya tashi mutum huɗu, maza uku da mace ɗaya, mu je mu gani da idonmu. Mun ziyarci gida biyu na kuɗi a nan cikin Legas, ba za mu faɗi sunansu ba. Abin da muka gano shi ne za mu ɗora a ma'auni, yadda ɗan kasuwa yake auna kaya kafin ya yi tayi.

Mene ne gidan tsofaffi?

Wuri ne da ake tara tsofaffi su zauna, ana ba su abinci da magani da wanka da wanki, ma'aikata suna kula da su dare da rana. Iri uku ne. Akwai na gwamnati, kamar wanda gwamnatin Jihar Legas take da shi a Yaba. Akwai na ƙungiyoyin addini da masu taimako, kamar wanda 'yan Katolika suke gudanarwa a Mushin. Sai kuma na 'yan kasuwa, wanda ake biya wata-wata, shi ne yake ta ƙaruwa yanzu saboda 'ya'yan da suka tafi Ingila da Amurka da Kanada suka bar iyaye a gida. Kada kuma mu ɗauka abin baƙo ne ƙwarai a wurinmu. A cikin birnin Kano akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, mutanen Kano da ke cikinmu sun san shi.

Me ya kawo maganar ƙofarmu?

A da, Bahaushe yana zuwa kurmi ne da niyyar komawa. Ya yi fataucin goro ko shanu, ya tara abin da ya tara, idan furfura ta yi yawa ya koma gida ya zauna a zaure cikin jikoki. Yanzu abin ya canza. Wasu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, ba su da wani gida sai Agege. Wasu suna da ƙauye, amma ƙauyen yana cikin yankunan Zamfara ko Katsina ko Sakkwato da 'yan bindiga suka tayar, 'yan uwan da za su karɓe su su ma gudun hijira suke. Wasu sun sayar da gonar gado tuntuni sun zuba a jari, jarin ya karye.

Ga kuma matsalar muhalli. Gidan Arewa yana da tsakar gida da zaure da ɗakin kaka. Mu nan yawancinmu ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo a gidan haya, bayi ɗaya ana layi da gida goma. Miji ya fita Mile 12 ko mayankar Oko-Oba tun kafin gari ya waye, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Sannan ɗan kasuwa da ɗan dako da mai gadi ba su da fansho. Gwamnatin tarayya ta fito da tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, amma ku duba sahu ku gani, mutum nawa ne a cikinmu ya shiga? An kuma kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da dokar 2017, sai dai har yau tsohon da ke baranda bai ga komai a hannunsa ba. Nauyin dai yana wuyanmu.

Abin da muka gani na alheri

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta ko da ba ta yi mana daɗi ba. Akwai abubuwan da gidan tsofaffi mai kyau yake yi waɗanda mu ba ma iya yi a gidajenmu.

Na farko magani a kan lokaci. Yawancin tsofaffinmu suna fama da hawan jini ko ciwon suga, kuma waɗannan cututtuka ba a sha musu magani yau a bari gobe. A gidan farko mun ga littafi, kowane tsoho da shafinsa: awon jini na safe, maganin da ya sha, da sa hannun wanda ya ba shi. Mu kuwa sau nawa Baba yake cewa ya ji sauƙi ya ajiye ƙwayoyin, ba wanda ya lura, sai an wayi gari ɓarin jiki ya shanye?

Na biyu kula da wanda ya kwanta. Mara lafiyar da ba ya iya juyawa da kansa, ana so a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a tsane masa jiki, in ba haka ba fatar baya da ƙugu da dunduniya ta mutu ta zama gyambo, gyambon kuma yana iya kashe mutum. Wannan aiki ne na mutane da yawa masu karɓa-karɓa. Mace ɗaya mai goyo da girki da 'ya'ya biyar ba za ta iya ba, ko da tana da niyya.

Na uku, an gina wurin ne don tsoho. Ba matakala, akwai ƙarfen dafawa a bayi da gefen gado, ƙasa ba ta da santsi, ga keken guragu. Da wurin alwalarmu haka yake, wataƙila da Baba bai karye ba. Wannan darasi ne gare mu, kuma kwamiti ya ɗauka.

Na huɗu tsaro ga wanda tunaninsa ya ruɗe. Akwai ciwon mantuwa da ke kama wasu tsofaffi, mutum ya fita ya kasa gane hanyar gida, ko ya kunna risho ya manta. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi. Irin waɗannan bayin Allah a titin Legas suna cikin haɗari biyu: mota, da kuma jahilan da za su taru a kan tsohuwa su ce mayya ce. Gida mai katanga da mai gadi yana kare su daga wannan.

Na biyar abokan hira. Mun ga tsofaffi zaune a inuwa suna taɗi suna dariya. Wani tsohon yana cikin gidan ɗansa amma ya fi kowa kaɗaici, kowa ya fita, an ja masa ƙofa, daga shi sai rediyo.

Abin da muka gani na illa

Kuɗi shi ne katanga ta farko. Abin da aka ce mana ana biya a wata a gida mafi araha cikin biyun ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasa, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, fiye da sau biyu. Ban da kuɗin magani, ban da ƙunzugun manya, ban da asibiti idan ciwo ya tashi. Wanda yake da wannan kuɗi, zai iya ɗaukar mai jinya ta zo gida ta kula da mahaifiyarsa a gabansa. Wanda ya fi bukatar gidan kuwa, irin su Baba, ba shi da ko na kwana ɗaya.

Sai harshe. Duk gida biyun ba mu samu ma'aikaci ko ɗaya mai jin Hausa ba, Yarbanci ne da Turanci da Burokin. Wani zai ce ai tsofaffinmu sun iya Yarbanci. Haka ne, amma masu ciwon mantuwa sau da yawa harshen da suka koya da girma shi yake fara zubewa, su koma na goyo. Ka ga tsohuwar da ba za ta iya cewa cikina ke ciwo a gane ta ba, wane irin zama take yi?

Sai ibada, kuma a nan ne zuciyarmu ta fi karaya. A gida na biyu mun tarar da wani dattijo Musulmi Bayarabe. Da ya ga hulunanmu ya yi mana sallama ya riƙe hannun ɗayanmu ya ƙi saki. Tambayarsa ta farko ita ce, yau wace rana ce? Ya ce ba ya jin kiran salla daga inda yake, lokutan sun rikice masa, Juma'a tana wucewa bai sani ba. Ba wanda ya hana shi salla, ma'aikatan ma mutanen kirki ne, sai dai ba wanda ya san yana bukatar a kawo masa buta, a juya gadonsa ya fuskanci alƙibla, ko a ajiye masa dutsen taimama kusa. Mutumin da ya shekara sittin yana sahun gaba, ƙarshen rayuwarsa ya zo ba jam'i ba Juma'a.

Sai sutura. Hajiyar da muka je da ita ta tambaya, wa yake yi wa mata wanka? A gida ɗaya suka ce mata ne kawai. A ɗayan suka ce duk wanda yake bakin aiki. Iyayenmu mata da suka yi rayuwarsu cikin lulluɓi, wannan a wurinsu ya fi ciwon zafi.

Sai abinci. Tsohon da ya saba da koko da ƙosai da safe, tuwo da miyar kuka da dare, idan aka ɗora shi a kan abin da bai saba ba, sai ya riƙa tsakura yana turewa, ya rame ana cewa tsufa ne. Ga kuma tambayar nama, wa ya yanka, kuma da me ake haɗa tukunya.

Sai ƙarancin ma'aikata. Da rana kowa yana nan, musamman idan an san baƙi za su zo. Da muka tambayi mutum nawa ke kwana, a gida ɗaya aka ce mana mutum biyu ne a kan dukkan tsofaffin. Ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa, albashi ya yi masa kaɗan, ko mai haƙuri ne wata rana zai yi tsawa. Tsohon da ba mai zuwa duba shi kuwa, ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Illa ta ƙarshe daga wurinmu take fitowa. Idan mutum ya fara biyan kuɗin wata, zuciya takan raya masa cewa ya sauke nauyi. Ziyarar kullum ta koma ta mako, ta mako ta koma ta salla. Ma'aikaciya ɗaya ta gaya mana akwai waɗanda ba su san fuskar 'ya'yansu ba sai dai alat na banki. Alhali zumunta a ƙafa take.

Ina addini ya tsaya?

Mun kai wa Liman rahoto, ga taƙaitaccen abin da ya karantar da mu. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya haɗa umarnin bauta maSa da kyautata wa iyaye, Ya ambaci lokacin da tsufa zai riske su suna tare da kai, Ya hana ko da nuna ƙosawa da baki, Ya yi umarni da tausasa murya da ƙanƙan da kai da yi musu addu'a. Malam ya ce mu lura, ayar ta ɗauka cewa tsohon yana wurinka ne. Wannan shi ne asali. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kuma ba a biyan wannan wajibi da kuɗin zakka, daga aljihunka zai fito. Mun san kuma labarin sahabin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ga iyayensa, da labarin Uwaisul Ƙarni na Yaman wanda hidimar mahaifiyarsa ta ɗaukaka shi.

Amma Malam ya ce akwai ɗaya ɓangaren. Wanda ba shi da ɗa ba shi da dangi, haƙƙinsa yana kan jama'a, idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, idan kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba a yi masa adalci ba idan an karɓi harajinsa yana da ƙarfi sannan a watsar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali. To idan haka ne ga wanda ba Musulmi ba, ina ga wanda ya shekara arba'in yana share mana masallaci? Don haka Malam ya ce ba za a ce ginin da ake kula da tsofaffi haramun ne ba, hukuncin yana bin wanda aka kai, da dalilin kai shi, da yadda ake riƙe shi a can.

Tsofaffi iri uku

Idan muka ɗora komai a sikeli, sai mu ga amsar ba ɗaya ba ce ga kowa.

Akwai tsohon da yake da 'ya'ya masu hali, jikinsa da sauran ƙarfi, yana iya zuwa bayi da kansa. Wannan ba shi da abin yi a gidan tsofaffi. Duk abin da zai samu a can kaɗan ne a kan abin da zai rasa. Wanda ya kai irin wannan don matarsa ta ce ta gaji, ko don ɗakin ya zama shago, ya ji tsoron Allah, 'ya'yansa suna kallo suna koyo.

Akwai wanda ciwonsa ya fi ƙarfin gida: ya kwanta gaba ɗaya, ko mantuwa ta kai yana cutar da kansa. A nan a fara da neman likita, akwai ma asibitocin da suka ware sashe na tsofaffi, kamar cibiyar da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. Sannan a gwada raba jinya tsakanin 'ya'ya, maza da mata, kada a jibge wa suruka ita kaɗai, domin ita taimako take yi, wajibin yana kan ɗan. A gwada ɗaukar mai jinya. Idan duk an yi abin ya gagara, aka kai shi wurin da za a kula da shi da kyau, ana zuwa kullum, to kada kowa ya zagi wannan iyali. Ba ku san daren da suka kwana ba.

Sai na uku, wanda ba shi da kowa. A kansa ne muka fi ɗaga murya cewa ba ma kai namu gidan tsofaffi, kuma shi ne muka bari a kan kwali a baranda, sauro da ruwan sama suna dukansa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, gado mai katifa a hannun baƙi ya fi barandar da 'yan uwa suke tsallake mutum su shiga salla. Idan ba ma son a kai shi can, sai mu samar masa abin da ya fi can.

Idan ta kama dole, me za a duba?

Ku je ba tare da sanarwa ba, ku je da yamma ko da dare. Ku shaƙi iskar ɗakunan, hanci yana faɗin abin da mai gida ba zai faɗa ba. Ku nemi ganin takardar rajistarsu da gwamnatin jiha. Ku tambayi mutum nawa ke kwana, akwai nas a cikinsu, wane asibiti suke kai mutum idan abu ya tashi cikin dare, da wace mota. Ku tambayi wa ke yi wa mata wanka. Ku tambaya ko za a bar ku ku kawo abinci daga gida, ku zo duk lokacin da kuka so, ku ɗauke shi ranar Juma'a. Ku sa a rubuta a takarda cewa idan rai ya yi halinsa za a kira ku nan take, ba za a kai gawa ɗakin ajiya ba tare da saninku ba, domin mu ba ma jinkirta jana'iza. Ku duba bayan tsofaffin da ke kwance da faratansu. Kafin duk wannan kuma, ku tambayi shi mai jikin, matuƙar yana cikin hankalinsa. Babba ne, ba a yanke masa hukunci a bayan idonsa.

Abin da kwamiti ya yanke

Mu ma mun tambayi Baba a gadon asibiti. Muka ce Baba, ga yadda ake ciki, ga abin da muka gani, me ka zaɓa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yana, duk inda za ku kai ni ku kai ni, amma ku bar ni inda zan ji kiran salla."

A kan haka kwamiti ya kama ɗaki ɗaya a gidan da ke bayan masallaci, a ƙasa, kusa da bayi. An biya wata shida daga asusun masallaci. Ɗakin zai ɗauki gado biyu, domin mun san Baba ba shi ne na ƙarshe ba. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta yarda za ta riƙa leƙowa sau biyu a mako tana duba ciwon da awon jini. Abin da ya rage shi ne hannu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna neman gida bakwai, kowane gida ya ɗauki abincin rana ɗaya a mako. Muna neman matasa shida da za su raba kwana da wanka da juya shi, za a koya musu yadda ake yi. Muna neman mai walda ya sa mana ƙarfen dafawa a ɗakin da kuma wurin alwala. Masu fitar da zakka su sani cewa tsoho matalauci wanda ciyar da shi bai wajaba a kansu ba yana cikin waɗanda suka cancanta. Sannan za mu buɗe littafi na dukkan tsofaffin unguwa da ba su da mai kula da su, maza da mata, da sunan garinsu da duk wani ɗan uwa da aka sani, don kada a sake tsayawa a ƙofar asibiti ana kallon-kallo. Duk wanda ya san irin wannan tsoho, ko yake son ɗaukar ɗaya daga cikin ayyukan nan, ya same mu a ofishin masallaci bayan an idar da salla. Iyayenmu mata su ba da suna ta hannun shugabar mata.

Wanda kuma yake da uwa ko uba a Arewa, aiken kuɗi yana da kyau, amma ya kira yau ya ji muryarsu, ya tambayi wa yake ba su magani, wa yake ɗebo musu ruwa.

Allah Ya ba Baba lafiya. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon hidimar waɗanda suke raye, Ya sa tsufanmu ya zo a cikin sutura da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti